Me mutum zai shekara talatin yana nema a cikin kumburi?

"Salam Dakta, ni ɗaliba ce aji uku a maikrobayoloji. Rannan a lakca malaminmu ya ambaci wani Ruslan Medzhitov yace masanin garkuwar jiki ne da yake bincike akan kumburi tun daga matakin molekul. Ni dai a sanina kumburi ciwo ne, a sha magani ya sace shikenan, toh me mutum zai shekara talatin yana nema a ciki? Kuma dan Allah irinmu da muke karatu a nan gida zamu iya shiga wannan layin ko sai wanda ya tashi a waje?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Tambayarki biyu ce a haɗe, ɗaya akan shi kumburin ne ko ya kai a ba shi rayuwa guda, ɗayar kuma akan ke kanki ko akwai ƙofa. Kuma malaminku ya iya zaɓe wallahi, domin labarin wannan bawan Allah shi kaɗai ya taɓo duka biyun. Ni ma wannan fannin nake koyarwa kuma na yi shekaru ina aikin benci a cikinsa, wato gwaji da hannu a ɗakin bincike, dan haka zan haɗa miki da abinda hannuna ya taɓa.

Mu fara da ƙaya. Ƙaya ta soke ki a tafin ƙafa, zuwa yamma wajen yayi ja, yayi zafi, ya tasa, in kin taka sai kin ɗingisa. Waɗannan alamomi huɗu wani Barume mai suna Celsus ya lissafa su tun ƙarni na 1, kuma har yau su muke koyarwa. Abinda ke faruwa a ƙarƙashin fatar shi ne wasu sel da suke zaune a wajen dama, irinsu makrofaj, sun ji baƙo ya shigo sai suka saki sinadaran saƙo da muke kira sitokin, TNF da IL-1 da IL-6 da ƴan uwansu. Jijiyoyin jini na wajen suka buɗe, shi ne jan da zafin. Bangonsu ya saki ruwa ya tsattsafo, shi ne tasawar. Fararen ƙwayoyin jini suka riƙa kutsowa ta tsakanin bangon suna cinye bakteriya, mugunyar da kike gani bayan kwana biyu yawancinta gawarwakinsu ce. Ciwon kuma shi ke hana ki taka ƙafar har ta warke. Kinga kenan jikin ne da kansa ya kunna abun da gangan. Wanda ya fara nuna haka a fili Elie Metchnikoff ne a 1882 a garin Messina na Italiya, ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro wadda jikinta garau yake ana hango ciki, washegari ya tarar da sel sun yi wa ƙayar dafifi. Ya samu Nobel a 1908.

Tambayar da aka shekara ɗari ba a amsa ba

Toh amma ta yaya makrofaj ɗin ya san baƙo ya shigo? Ba shi da ido ba shi da hanci. Nan ne aikin masu binciken molekul yake, su basa tsayawa a "sel ya ji", sai sun nuna wane furotin ne ya ji, me ya taɓa shi, wane saƙo ya aika cikin sel ɗin har aka kunna wace ƙwayar gado.

Kusan duk ƙarni na 20 hankalin masana yana kan ɗaya ɓangaren garkuwar, wato antibodi, furotin ɗin da jiki ke ƙerawa dan kama ƙwayar cuta, da sel ɗin T da B masu koyo da tuna cuta. Ɓangaren da aka haife mu da shi ana masa kallon ƴan share fage kawai. Sai a 1989 Charles Janeway na jami'ar Yale a Amurka ya tsaya a taron Cold Spring Harbor ya tono wani abu da kowa ya sani amma ba a son magana akai. In ka ɗauki furotin tsantsa mai tsabta ka yi wa ɓera allura, garkuwarsa ko gezau, sai ka gauraya shi da wani mahaɗi, sau da yawa matattun bakteriya a cikin mai, sannan antibodi zai fito. Kowane ɗakin bincike yana wannan gaurayen, babu mai tambayar dalili. Janeway yace dalilin shi ne sel ɗin T da B basa motsi sai sun samu izini daga garkuwar haihuwa, ita kuma dole tana da wasu masu gadi da suke gane tambarin da ƙwayoyin cuta ke ɗauke da shi wanda jikinmu ba shi da irinsa. Hasashe ne zalla, ba shi da furotin ko ɗaya da zai ɗaga ya nuna, kuma mutane basu wani kula ba.

Shi Medzhitov a Tashkent ta Uzbekistan aka haife shi a 1966, nan yayi digirin farko, sannan ya tafi jami'ar Mosko yin digirin digirgir a bayokemistri, ki lura ba ma imunoloji ya karanta ba. Kuma lokacin da ya faɗa shi ne lokacin da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, kuɗin bincike ya ƙafe ƙaf, babu kayan aiki babu sinadarai, abinda ya rage masa laburare ne kawai. A nan wajen 1992 ya ci karo da waccan maƙala ta Janeway, kuɗin hoton kwafinta kaɗai ya cinye kusan rabin alawus ɗinsa na wata. Ya karanta ya rubuta wa Janeway imel, ɗalibin da ba wanda ya san shi, suka fara musayar ra'ayi. A 1993 ya samu ɗan tallafin UNESCO na wata uku ya je wajen Russell Doolittle a San Diego inda ake kwatanta jerin furotin a kwamfuta, daga nan a farkon 1994 ya isa ɗakin binciken Janeway, alhali shi Medzhitov kusan bai taɓa aikin benci na kirki ba.

Yadda aka kama mai gadin

Akwai wata ƙwayar gado a jikin ɗan mitsitsin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba, sunanta Toll, masu binciken yadda ƙwai ke zama halitta a Jamus su suka gano ta a shekarun 1980, aikinta da aka sani shi ne tsara ina ne baya ina ne ciki a jikin ɗan tayin ƙuda. A 1996 Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann a Strasbourg ta Faransa suka nuna ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace fumfuna tana cinye shi ya mutu. Su kuma Medzhitov da Janeway sun tono wani jeri mai kama da Toll a rumbun bayanan ƙwayoyin gadon ɗan adam, suka ƙera masa sigar da kullum a kunne take suka saka cikin sel ɗin mutum, sai ga sel ya kunna NF-kB, furotin ɗin da ke tayar da ƙwayoyin gadon kumburi, ya fara zubo IL-1 da IL-6 da IL-8, kuma ya fito da B7.1 a fatarsa, wanda shi ne ainihin izinin da sel ɗin T ke jira. Wannan ya fito a mujallar Nature a 1997. Shi ne abinda yau ake kira TLR4. Abinda basu nuna ba shi ne me yake taɓa shi, sai a 1998 Bruce Beutler a Dallas, bayan shekaru yana bin diddigin wani irin ɓera da gubar bakteriya ta LPS bata yi masa komai, ya gano matsalar ɓeran a TLR4 take. Daga nan Shizuo Akira a Osaka ta Japan ya riƙa cire waɗannan masu gadi ɗaya bayan ɗaya a jikin ɓeraye yana gano aikin kowanne. Mutum yana da guda 10, TLR5 yana gane furotin ɗin jelar bakteriya, TLR9 yana gane DNA ɗinsu, TLR3 da TLR7 suna gane RNA na bairas.

Janeway ya rasu a 2003. A 2011 aka ba da Nobel ga Beutler da Hoffmann da Ralph Steinman, babu sunan Medzhitov, kuma manyan masana da yawa sun rubuta ƙorafi a fili. A wannan shekarar dai kyautar Shaw ta haɗa shi da Hoffmann da Beutler. Ni a ganina an rage masa haƙƙi, amma dokar Nobel bata wuce mutum uku, kuma ba wannan ne abinda ya fi burge ni a rayuwarsa ba.

In kina tambayar ina amfanin duk wannan gare mu, ga guda ɗaya. Allurar rigakafin maleriya ta RTS,S wadda aka fara gwajin bayarwa a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, mahaɗin da ke cikinta yana ɗauke da MPL, wato LPS ne da aka rage wa dafi, kuma TLR4 yake taɓawa. Wancan gaurayen da ake yi a makance yanzu da ido buɗe ake ƙera shi.

Inda ya juya akalar

Abinda yasa nake girmama shi shi ne bai zauna yana cin gajiyar Toll har ritaya ba. Ya koma ya tambayi abinda kika tambaya, shi kumburin menene shi, kuma nawa yake ci wa jiki? A wata maƙala ta 2008 ya shimfiɗa cewa kowane kumburi yana da abinda ya tayar da shi, da mai gadin da ya ji, da saƙon da aka aika, da naman da saƙon ya sauka akai, kuma ba sai da ƙwayar cuta ba, nama in ya shiga matsi ko ya gaza aikinsa shi ma yana tayar da wani ƙaramin kumburi mai ci a hankali kamar wutar ƙaiƙayi, irin wanda ake gani a ƙiba mai yawa da ciwon suga da toshewar jijiyoyin zuciya. Manufar kumburi ita ce a maido da jiki daidai, amma kafin a maido sai an dakatar da wasu ayyuka na yau da kullum, kuma wutar da ke ƙona bakteriya bata tambayar naman waye. A sefsis, wato lokacin da martanin jiki ga ƙwayar cuta ya wuce gona da iri ya game jiki duka, sau da yawa martanin jikin ne yake rusa ƙoda da huhu ya sa matsin jini ya faɗi ƙasa.

Daga nan shi da David Schneider da Miguel Soares suka fito da magana a 2012 wadda ta canza min yadda nake koyarwa gaba ɗaya. Suka ce hanyar tsira daga cuta ba kashe ƙwayar cutar kaɗai bace, akwai juriya, wato nama ya iya ɗaukar ɓarnar ba tare da ya rushe ba ko da yawan ƙwayar cutar bai ragu ba. Masu ilimin tsirrai sun daɗe da sanin wannan, mu ne muka makara. Duk wanda ya taɓa duba jinin yara a damina ya ga abun da idonsa, yaro yana yawo yana wasa jininsa ɗauke da ƙwayar maleriya, wani kuma yana kwance rai a hannun Allah.

Gwajin da na fi so daga ɗakinsa shi ne na 2016. Kin san mara lafiya baya son abinci, mu kuma a gida sai an ɗura masa kunu ko ta halin ƙaƙa. Suka sa wa ɓeraye bakteriyar Listeria, ɓerayen suka daina ci, da aka ɗura musu abinci sai suka mutu, da aka bi diddigi sai aka ga sugan gulukos ne sanadi. Aka sake gwajin da bairas ɗin mura, sai abun ya juye, waɗanda aka ba gulukos su suka rayu, waɗanda aka toshe musu amfani da shi suka mutu. Kuma a duka biyun yawan ƙwayar cutar bai canza ba, abinda ya canza shi ne yadda ƙwaƙwalwa ta jure. Dan Allah kar ki ɗauki wannan ki je ki hana majinyaci abinci, ɓera ne ba mutum ba, kuma yaro mai maleriya mai tsanani faɗuwar suga tana iya kashe shi. Haka kuma ya daɗe yana kare ra'ayin cewa alaji, atishawa da ƙaiƙayi da amai, asalinsa kariya ce daga dafi da guba wadda take wuce gona da iri a wasu mutane. Akwai gwajin dafin ƙudan zuma a ɓeraye a 2013 da ya goyi bayan haka, amma har yanzu ba kowa ya sallama masa ba.

Abinda na gani a benci

Bari in nuna miki yadda aikin yake a hannu. Zaki ɗebi jini ki tsarma shi, ki kwantar da shi a hankali akan wani ruwa mai nauyi da ake kira Ficoll, hannu na rawa ya gauraye kin yi asara. Ki juya a santirifuj, na'urar da ke wulwula samfuri ta raba shi, kusan rabin awa ba birki, in kin ciro zaki ga jajayen sel sun zauna a ƙasa, ruwan jini rawaya a sama, a tsakiya kuma wani siririn farin zobe kamar hazo, su ne sel ɗin da kike nema. Ki zuƙe su da fifet ki wanke ki ƙirga ki raba a ramukan faranti, wasu ki ɗiga musu LPS wasu ki bar su haka. Washegari ki auna TNF ko IL-6 da gwajin ELISA mai nuna yawan furotin ta hanyar launi, ramukan su yi shuɗi, ki ɗiga asid su koma rawaya, iya ƙarfin rawayar iya yawan sitokin.

Akwai lokacin da na yi kusan wata biyu ramukan da ban saka wa komai ba suma suna fitowa rawaya shar. Na canza sinadarai, na canza mai ba da jini, abu ya ƙi. Ashe ruwan da muke haɗa komai da shi ne, da kwalaben da muke wankewa mu dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. Otokilef yana kashe bakteriya amma LPS ɗinta yana nan daram, sai busasshen zafi na digiri 250 na aƙalla rabin awa yake lalata shi. TLR4 yana jin abinda ido da maikroskof basa gani. Tun daga ranar na daina yarda da duk sakamakon kumburi da ba a nuna min ramin da ba a taɓa ba. Na kuma taɓa rasa samfurin jini na watanni da aka ɗauke wuta kwana uku firiza ta narke, sitokin baya jure narkewa da sake daskarewa, dan haka duk wanda yace miki aikin nan a ƙasarmu da sauƙi bai gaya miki gaskiya ba.

Ki kuma sani gane molekul ba shi ne samun magani ba. An ƙera wani magani mai suna eritoran dan ya toshe TLR4 a masu sefsis, kowa ya sa rai, babban gwajin da aka wallafa a 2013 ya nuna bai rage mutuwa ba. Magungunan toshe TNF sun taimaki masu amosanin gaɓɓai sosai amma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance, dole a yi gwaji kafin a fara. Deksametason a 2020 ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu korona da ke kan na'urar numfashi, amma bai amfani waɗanda basa buƙatar iskar oksijin ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, lokaci ne ya bambanta. Shi yasa raina ke ɓaci in naga ƴan mata suna sayensa a kemis dan su yi ƙiba, garkuwarsu suke dannewa kullum ba tare da sun sani ba, ga suga ga hawan jini ga lalacewar ƙashi. Ni ba likitan asibiti bane, bana rubuta magani, amma wannan kam ki gaya wa ƙawayenki.

Ke kuma ta ina zaki shiga

Eh zaki iya, kuma maikrobayoloji tushe ne mai kyau. Ki riƙe bayokemistri da ilimin gado da kyau dan su ne harshen da ake magana da shi, ki koyi lissafin ƙididdiga, ki fara taɓa yarukan kwamfuta irinsu R ko Python tun yanzu. Rumbunan bayanan ƙwayoyin gado na cibiyar NCBI ta Amurka irinsu GEO, da manhajar binciken jeri ta BLAST, kyauta ne a intanet, da laftof da data zaki iya sauke sakamakon gwajin da wasu suka kashe miliyoyi akai ki yi masa taki tambayar, kuma ki tuna ta kwamfuta aka fara hango TLR4 na mutum. In lokacin furojet yazo ki nemi malamin da yake da aikin benci na gaske ko da ƙarami ne, gara ELISA ɗaya da kika yi da hannunki kika fahimci kurakuransa akan babi biyar na kwafe. Bayan digiri akwai cibiyoyin bincike, akwai WACCBIP a jami'ar Ghana da ke Legon, akwai cibiyar MRC a Gambiya, akwai ACEGID a Ede ta jihar Osun, ga tallafin DAAD na Jamus da na Commonwealth. Gaskiyar magana wasu gwaje-gwajen, musamman na ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado, sai kin fita ko kin haɗa gwiwa da na waje. Hanyar kuma doguwa ce, mastas da digirin digirgir da ƴan shekaru a ƙarƙashin wani kafin ki tsaya da ƙafarki, albashin ba na a zo a gani bane, ki shiga da saninki kuma ki yi shawara da iyayenki.

In zaki rubuta wa wani farfesa kar ki aika "ina neman taimako" kawai, irinsu ɗari suke samu. Ki karanta maƙalarsa guda har ki gane hotunan ciki, ki rubuta masa tambaya akan abinda ya yi, irin wasiƙar da ake amsawa kenan.

Kuma muna da abinda su basu da shi, marasa lafiyan da tambayoyin ke jikinsu. Ɗauki sikila, Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Jajayen sel in sun fashe suna sakin sinadarin him, kuma a 2014 an nuna a ɓeraye masu sikila cewa him ɗin nan TLR4 yake taɓawa a bangon jijiyoyi ya jawo toshewar da ke kawo ciwon nan mai sa yaro kuka cikin dare. Ɗakin Soares a Fotugal kuma ya nuna a 2011, shi ma a ɓeraye, cewa haemoglobin na sikila yana kare su daga maleriyar ƙwaƙwalwa ta hanyar juriya ba tare da ya rage yawan ƙwayar cutar ba. Me yasa yara biyu ƴan gida ɗaya duka SS, ɗaya kusan duk wata yana gadon asibiti ɗayan sai ya shekara lafiya? An san haemoglobin na jarirai da ya rage a jini yana da hannu, amma bai bayyana komai ba, kuma ina kyautata zaton wani ɓangare na amsar yana cikin yadda kumburin kowannensu ke kunnuwa da mutuwa. Da ni ne a aji uku yau, asibitin sikila mafi kusa zan fara zuwa ranar kilinik in nemi izini in zauna in saurari iyayen, sannan in dawo in buɗe GEO in rubuta sunan cutar in ga me aka riga aka auna. In kin yi hakan ki turo min abinda kika samu mu duba tare in sha Allah.